Rijiyar Da Katanga Ta Raba

Shafi na 23

Ba a yashe rijiyar ba bana. Tun hantsi bai yi zafi ba aka rufe bakinta da fallen kwano, aka danne da bulo.

Abin ya faru ne ranar Asabar ta farko a watan Janairu, a unguwar Yara cikin Keffi, tsakanin gidan Mama Susana da gidan Inna Huraira. Rijiyar ɗaya ce. Mazajensu, marigayi Ezekiyel da marigayi Malam Husaini, su suka haƙa ta tare, suka aza linta a bakinta, suka ɗora katangar da ta raba gidajen a kai. Rabin baki a nan, rabin baki a can. Kowa yana jan ruwa daga tsakar gidansa, ba ya ganin maƙwabcinsa, sai dai ya ji faɗuwar gugarsa.

Aikin sabuwar shekara a gidajen nan tsari gare shi. A sauya kwanon da ya yi yoyo da damina, a toshe tsagar katanga, a kwashe kwata, a shafa farar ƙasa. Yasar rijiya ce ta ƙarshe, kuma ba a ɗauko mata ɗan kwadago. Ɗan gida ke shiga, bana na wannan gidan, baɗi na wancan. In ruwa ya taru ya kwanta, wanda ya shiga shi ake fara miƙa wa moɗa ya sha, sannan iyaye mata.

Bana Gamaliel ne ya shiga, ɗan Mama Susana da ke aiki a Abuja. Ta gefen Inna Huraira aka zura shi, don nasu rabin ya sa an rufe da murfin kankare tun shekarar da ya haƙa bohol. Bai daɗe a ciki ba ya girgiza igiya. Maƙwabtan da ke riƙe da ita suka jawo shi, ya rarrafa gindin katanga ya yi amai.

Abin da ya gani bututun roba ne mai kauri. Ya ɓullo ta ƙarƙashin murfin kankaren, a gefen da duhu yake, ya bi jikin rijiyar ya gangara har cikin ruwa.

A bayan gidansu Gamaliel akwai sababbin ɗakunan haya, kowanne da banɗakinsa. An gama su kafin Kirsimeti. 'Yan hayan, ma'aikatan da tsadar gida ta koro daga Abuja, sun tare a makon.

Maƙwabta suka rufe rijiyar, suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Aka bar Gamaliel da tsumma a hannu yana goge laka, da Inna Huraira zaune a kan tabarma, da 'yarta Nasiha tsaye a kanta. Inna ta rame. Ciwon ciki ya kwantar da ita tun shigowar shekara.

"Maimaita," in ji Inna.

"Bututu ne, Inna."

"Na ji bututu. Na mene ne?"

Ya ci gaba da goge hannunsa.

"Yaya Gama, Inna ke tambayarka," in ji Nasiha. "Ko sai da Turanci za ka iya faɗa?"

"Na banɗaki ne."

"Banɗakin wa?"

"Daga gefenmu ya fito."

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta dubi randar da ke ƙarƙashin rumfa, ta dubi butarta.

"Nasiha, zubar da ruwan randar nan. In kin zubar ki fasa ta."

"Inna, ai za a iya wanke..."

"Ki fasa ta."

Nasiha ta karkata randar, ruwan ya bi kwatar da aka share jiya. Ta ɗauki taɓarya. Sau ɗaya ta buga.

"Ciwon cikin ban damu da shi ba," in ji Inna. "Tsohuwa ce ni, ciki ba ya rasa dalili. Amma da ruwan nan nake alwala, Gama. Da shi na kurkure baki, da shi na wanke fuska na tsaya gaban Ubangijina. Tun Kirsimetinku. Ka gaya mini, sallolin nan wa zai biya?"

"Inna, wallahi ban sani ba."

"Kai ma wallahi kake cewa yau."

"A gidan nan na koya."

"A gidan nan ka koyi abubuwa da yawa. Ranar da aka kawo ka daga asibiti ni na ja ruwan rijiyar nan na dafa na yi maka wanka, uwarka ba ta iya tashi ba. Da ka yi kuɗi ka haƙa bohol, ka sa aka zuba kankare a naku rabin, ko sallama ba ka yi mini ba. Na ji ƙarar shebur ta katanga, na yi shiru. Na ce yaro ne, ya ga Abuja. Ashe ajiye ta ka yi."

"Ajiye ta?"

"Ka ajiye wa 'yan hayarka. Haƙa ramin banɗaki, sokawen nan naku, da tsada, ga rami iyayenka sun haƙa maka kyauta."

"Na biya a haƙa sokawe, Inna."

"To ina yake?"

Gamaliel ya dubi katanga. Bayan ɗakunan an shimfiɗa bulon daɓe na intalok daga bango zuwa bango. Ya zo ya gani, ya yaba, ya ɗauki hoto. Bai tambayi abin da ke ƙarƙashi ba.

Aka turo ƙyauren gidan ba sallama. Mama Susana ce, ta zagayo ta titi, zani ɗaure a ƙirji kan rigar sanyi. A bayan hannunta akwai filastar inda aka sa mata ƙarin ruwa jiya. Ta dubi fasasshiyar randa, ta dubi kwanon da ke bakin rijiya, sannan ɗanta.

"Gaskiya ne abin da na ji ta katanga?"

"Mama, ki zauna tukuna."

"Na ce gaskiya ne?"

"Akwai bututu. Amma ban..."

"To ka kusa kashe uwarka."

"Ke kuma me ya haɗa ki da rijiyar? Ga bohol a gida."

Mama Susana ta yi wata dariya marar daɗi.

"Bohol ɗinka na wanke-wanke ne. Ruwan da ke ɗanɗanon ƙusa. Kullum da safe Yaya Huraira ke miƙo mini bokiti ta saman katanga, wajen da bulo ya zube. Shi nake sha tun ranar da ka rufe mana."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ka taɓa tambaya? Kana zuwa, ka zagaya ɗakunan haya, ka ƙwanƙwasa tayil, ka duba fenti, ka ce Mama zan koma kafin Mararaba ta cushe. Jiya likita yana tambayata wane ruwa nake sha, na ce masa ruwan da ya fi nasa kyau."

Inna Huraira ba ta matsa mata a tabarma ba. A shekarun da suka yi tare ba a taɓa ganin haka ba.

"Susana," in ji ta.

Mama Susana ta juya a hankali. Maman Gama Inna ke ce mata. Ko ranar da akuyarta ta cinye wa Inna shanyar kuɓewa, Maman Gama ta ce.

"A gidanki aka haƙa. A gidanki aka ja bututu. Kina ina?"

"Ina Agwada, kin sani. Ke kika raka ni bakin hanya. Na dawo na tarar an shafe ko'ina."

"Ba ki tambaya ba?"

"In tambayi me? Ni falamba ce?"

"Ke ce uwar gida."

"To ke da kike nan, kunnenki da ke jin faɗuwar cokali a ɗakina, ba ki ji ana fasa rijiya ba?"

"Kada ki mayar da shi kaina."

"Ban mayar ba. Amma hannuna ki duba. In na sani, zan sha?"

"Ni ma abin da nake faɗa ke nan," in ji Gamaliel. "Da na san abin da ke ciki, zan tuɓe riga cikin sanyin nan a ɗaura mini igiya in shiga? Har wuya na nutse, Inna. Ya shiga bakina."

Ya jefar da tsumman. Ya zaro waya daga aljihun rigarsa da ke rataye a igiyar shanya, ya kira Julius, falamban da ya yi aikin famfo da bututun ɗakunan. Ya ce masa duk inda yake ya bari ya zo gidan da ke jikin nasu, yanzu. Julius ya ce yana wani gini a bayan tasha, ga shi nan.

Nasiha tana tattara ɓaraguzan randa. Ta tsaya da guda a hannu.

"Yaya Gama."

"Me?"

"Bara wa ya shiga?"

"Ni."

"To bana ba layinka ba ne."

"Ba nawa ba ne. Shekaranjiya Abdulrahman ya kira ni, ya ce bayansa ya riƙe, ko ruku'u ba ya iya yi. Ya ce in shigar masa, ya rama sau biyu."

Abdulrahman shi ne ɗan farin Inna Huraira, dillalin filaye da gidaje, yana zaune da iyalinsa a Masaka. Tare suka tashi da Gamaliel. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda matan zamaninta ba sa kiran sunan ɗan fari. Yaron nan take cewa, ko da yake ya haura arba'in.

"Kada ka sa yaron nan cikin ƙazantarka," in ji ta.

"Ban sa shi ba, Inna. Tambayata aka yi."

"Tunda ya yi wayo bai taɓa tsallake layinsa ba," in ji Nasiha. "Har shekarar da ya karye a hannu sai da ya shiga."

"Rufe mini baki. Ciwo sai ya nemi izininki?" in ji Inna.

Nasiha ta rufe. Ta kwashe ɓaraguzan ta kai bayan murhu.

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofa. Julius ya shigo da siminti a gwiwar wandonsa, ya cire hula ya gaida tsofaffin. Mutumin Panda ne, Hausarsa tana da ɗan nauyi. Da ya ga kwano a bakin rijiya sai ya saki fuska.

"Oga, lafiya? Wani wuri na yoyo?"

"Ina sokawen da na ce ka yi?"

"Ga shi nan." Ya nuna rijiyar da hularsa.

Mama Susana ta dafa katanga.

"Wannan rijiya ce," in ji Gamaliel.

"Da can, Oga. Ai ta mutu."

"Wa ya ce maka ta mutu?"

"Oga Abdul."

Inna ta gyara zama.

"Wane ne kuma haka?"

"Ɗanki, Hajiya. Shi Oga ya sa ya duba mana aiki, tunda shi yana Abuja."

Wannan gaskiya ne, kuma kowa a wurin ya sani. Gamaliel ya bar wa Abdulrahman makullin gida da kula da ma'aikata, don shi ya san harkar gini, kuma Masaka ta fi kusa.

"Faɗi yadda aka yi," in ji Gamaliel. "Kada ka rage, kada ka ƙara."

"Mun fara haƙa a bayan ɗaki na ƙarshe, muka tarar da dutse. Na ce sai an kawo masu fasa dutse. Oga Abdul ya ce a'a, akwai tsohon rami. Shi ya kawo ƙarfe muka ɗaga murfin. Na haska, na ga ruwa. Na ce Oga, wannan da rai. Ya ce ruwan ya ɓaci tun damina, mushe ya faɗa, an daina sha."

"Sai ka yarda."

"Ban yarda ba, Oga. Na ce in ga ɗaya gefen. Ya buɗe gidan nan da makulli ya shigo da ni. Na tarar kamar yadda yake yanzu, kwano a kai, bulo a kai. Ba guga, ba igiya, ba kowa a gidan."

"Ƙarya kake yi," in ji Inna. "Ban taɓa barin gidan nan ba kowa ba."

"Hajiya, ni ban san ki ba sai yau. Me zan samu?"

"An biya ka ka faɗa."

"Wa zai biya ni? Oga ko kuɗin mai bai ba ni ba da ya ce in zo."

"Me ya sa ba ka kira ni ba?" in ji Gamaliel.

"Na kira ka."

"Ba ka kira ni ba."

"Na kira, Oga. Na ce akwai magana kan sokawe. Ka ce kana mitin, duk abin da Abdul ya ce in yi, in daina damunka da ƙananan abubuwa."

Gamaliel ya tuna. An gani a fuskarsa.

"Mitin," in ji Mama Susana. "Ubanka ya yi wata yana fitar da ƙasa daga ramin nan da kwando a kai. Kai kana mitin."

"Mama, ban san kan rijiya ba ne."

"Da ka bari ya gama magana da ka sani."

Julius yana juya hularsa a hannu.

"Akwai saura?" in ji Nasiha.

"Ƙaramin abu ne. Ni a sama zan tsayar da bututun, haka ake yi. Ya ce in ƙara tsawo in kai shi har cikin ruwa, in manna shi da bango ta gefen duhu. Na ce don me, asarar bututu ce. Ya ce don kada ƙarar zubar ruwa ta dinga damun tsohuwa."

Daga bayan katanga, a ɗaya daga ɗakunan haya, wani ya ja ruwan banɗaki. Duk suka ji tafiyarsa a ƙarƙashin ƙasa. Gamaliel ya fita da gudu. Aka ji shi yana dukan ƙofofi yana cewa kada wanda ya sake shiga banɗaki, aka ji wata mata tana tambayarsa to ina za su je, ai sun biya. Ya dawo yana haki.

Nasiha ta durƙusa gaban uwarta.

"Inna, ranar sunan da aka yi a Garaku."

"Me ya faru da ita?"

"Kin ce ba za ki ba, ƙafarki na ciwo. Yaya Abdulrahman ya ɗauko shatar mota har ƙofar gida, ya ce zumunci ya fi ƙafa. Ya ce ni ma in bi ki. Shi ya kulle gidan. Da muka dawo kika ce wa ya canza wa guga wurin rataya."

"Na ce ki rufe mini baki."

"Daga makon ne mai kura ya fara kawo mana jarkoki. Yaya ya ce ya biya, ki daina wahalar jan ruwa, ki sha wannan."

"Tausayina ya ji."

"Kika ce da rijiya a gidanki ba za ki sha ruwan roba ba. Muka mayar da shi na wanki. Ran da ya zo ya ga ina wanke zannuwa da shi ya yi ta faɗa, kamar zai doke ni. Na ɗauka kuɗinsa yake ji. Kuma ranar na kawo masa ruwa a moɗa, ya ce yana azumi. Ranar Asabar, Inna."

Inna ta kalli tafin hannunta.

"Don me zai yi?" in ji Mama Susana. Muryarta ta sauka. "Yaya Huraira, yaron da na goya. Don me?"

Nasiha ce ta amsa.

"Akwai mai son gidan nan. Zai rushe ya yi bene na 'yan haya. Tun bara Yaya ke kawo maganar, Inna na korarsa. Da Babbar Sallah ya sake tayar da ita a gaban kowa, ya ce unguwa ta canza, ya yi mata ɗaki a Masaka da famfo a ciki. Inna ta ce..."

"Na san abin da na ce."

"Me kika ce?" in ji Mama Susana.

Inna ta dubi rijiyar.

"Na ce Malam ya bar ni da ruwa. Ranar da rijiyar nan ta mutu, su sayar, su kai ni duk inda suka ga dama."

Gamaliel ya zauna a kan turmi. Laka ta bushe a ƙirjinsa, tana tsattsagewa.

"Shi ya sa ya ce in shiga," in ji shi. "Ni zan gano, daga gidana ya fito, falambana ne ya yi. Ya san ba zan iya cewa komai ba."

"Kuma ba ka da abin cewa," in ji uwarsa. "Kada ka ji daɗi. Shi ya zuba, kai ka ba shi mazubi."

Julius ya yi gyaran murya.

"Oga, in an cire bututun yau, a kwashe ruwan duka, a zuba magani, wataƙila..."

"Wataƙila me?" in ji Nasiha. "Kai za ka sha?"

Julius ya koma inuwar rumfa.

Inna ta matsa gefe a kan tabarma, ba ta ɗago kai ba. Mama Susana ta dubi wurin da aka bar mata, ta zauna.

Azahar ta kusa lokacin da mota ta tsaya a ƙofar gida. Aka ji an buɗe but, aka ji an rufe. Abdulrahman ya yi sallama ya shigo da farar shadda, ledar fiya wata biyu a kafaɗa ɗaya, yana tafe da sauri. A bayansa wani mutum ne mai tabarau, ya tsaya daga zaure, tef ɗin awo a hannunsa.

"Inna, yanzu nake jin labari a hanya," in ji Abdulrahman. Ya sauke ledojin ba tare da ya dafa ƙugu ba. "Inna lillahi. Gama, haka za ka yi mana? Don ɗakin haya? Tsohuwar da ta rene ka?"

"Yaya, sannu da jiki," in ji Nasiha. "Bayan ya saki ke nan."

"Da sauƙi. Ke ba wannan ake yi ba. Inna, ki tashi ki haɗa kayanki, ba za ki ƙara kwana a gidan nan ba. Rijiyar da aka zuba wa najasa ta gama. Ko duba-gari ya zo cewa zai yi a cike ta. Dama ina tare da wani bawan Allah, muna hanyar wani wuri ne, na ce bari..."

Sai ya ga Julius.

Julius yana tsaye a inuwar rumfa, bayan igiyar shanya. Ya ɗaga hula.

"Oga Abdul, ina wuni."

Abdulrahman ya dubi Gamaliel. Ya dubi ƙanwarsa. Bai dubi uwarsa ba.

"Wannan me yake yi a nan?"

"Aikinsa ya zo dubawa," in ji Gamaliel. "Ya ce ka yaba."

"Ban san abin da ya gaya muku ba. Irin mutanen nan, in sun ɓata aiki..."

"Ba wanda ya ce ya gaya mana wani abu," in ji Nasiha.

Mutumin zaure ya mayar da tef ɗinsa aljihu.

Inna Huraira ta dafa kafaɗar Mama Susana ta miƙe. Nasiha ta kai hannu za ta riƙe ta, ta ture. Ta taka zuwa bakin rijiya. Ta sunkuya ta ɗauke bulo na farko, ta ajiye. Ta ɗauke na biyu. Ta ja fallen kwanon gefe, ya yi ƙara a kan siminti.

"Inna, me za ki yi?" in ji Abdulrahman.

Ta ciro guga daga ƙusa ta zura. Ita ta jawo shi har sama, ba wanda ya yi ƙarfin halin taya ta. Ta ɗauki moɗar da ta rage a mazaunin randa, ta cika ta. Ta juyo.

"Abdulrahman."

Nasiha ta kama bakinta. Mama Susana ta ɗago kai. Shi kansa sai da ya ja da baya taki guda, kamar wani aka kira.

"Bana layinka ne. Ba ka shiga ba." Ta miƙa masa moɗar. "To ka sha."

"Inna..."

"In ba ka san abin da ke ciki ba kafin yau, ka ce ba ka sani ba, in zubar, in nemi gafararka a gaban mutanen nan. In ka sani, ruwan ubanka ne. Na sha, Maman Gama ta sha. Saura kai."

Aka kira sallar azahar a masallacin unguwa. Mutumin zaure ya fita, aka ji ya tayar da mota, amma bai tafi ba.

Har ladan ya gama, Abdulrahman bai ce bai sani ba, bai kuma karɓi moɗar ba. Inna ba ta sauke hannunta ba.